Katin intanet ɗin shagonka da sharar da Kawu ya yi

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma bina da tsintsiya, ka ga kuwa an samu lafiya.

Na rubuto ne kan kwamfutar shagonka da ka bar mini, don gara ka ji daga bakina kafin Kawu ya yi maka nasa fassarar. Ranar nan da safe na kunna ta, komai ya tashi sai intanet. 'Yar fitilar bayan nan ko ƙyaftawa ba ta yi. Masu cike takardun makaranta suka zauna, suka gaji, suka tsallaka shagon gaba. Kafin azahar Kawu ya iso, ya ce ai ba sai an yi bincike ba, wanda ya taɓa liƙe ƙasan linzamin kwamfuta da salatif shi ne mai wannan aikin, wato ni. Na rantse, ya ce rantsuwata ta daɗe da tsinkewa kamar tsohon silifa. Ya karɓe makullin shago, ya ce sai ka dawo.

Na roƙe shi ya bari a kira Dogo mai gyara, ya yarda amma ya ce yana zaune za a yi. Dogo ya canja wayar da ke shiga bayan kwamfutar, shiru. Ya zare katin intanet ɗin da ke cikinta, ya hure, ya mayar, shiru. Sai ya buɗe baƙin allon nan mai rubutu, ya ce kati lafiyarsa ƙalau, direbansa ma, wato manhajar da ke tuƙa shi, ya tashi, abin da ya nema ya rasa shi ne wani ɗan fayil da suke kira famwaya. Yadda na fahimta, katin nan ba shi da hadda. Da an kashe wuta ya manta komai, kullum da safe sai direba ya biya masa karatunsa daga wannan fayil. To an zo biyawa, babu allo. Na ce a sauko da wani mana, Dogo ya ce da wace intanet ɗin, ta kakata?

Da wayarsa ya sauko da shi, ya zuba ta filashi. Aka kunna, ya ƙi. Ashe lambar ƙarshen sunan ba ita katin ke nema ba, na ƙanensa aka ɗauko. Dogo yana neman na daidai ɗin ne yana mita, wai wane mai ƙarfin hali ne ya share folda guda, alhali sai da lambar sirri ake taɓa ta. Sai Kawu ya gyara zama ya ce in dai shara ce shi ya yi, kuma taimako ne. Wai kwamfuta ta yi ta kukan ta cika, shi kuwa ya nemo folda mai nauyi mai sunaye marasa kan gado, ya sa lambar da ka ba shi, ya kwashe. Ya ce ba ruwan shararsa, tunda ranar da ya yi ta har magariba intanet na aiki. Dogo ya ce ai katin na riƙe da karatun safe ne, sai da aka kashe aka kunna ya rasa na biyawa. Mai kunnawar kuwa ni ne.

Aka sa fayil na daidai, fitila ta fara ƙyaftawa. Kawu ya yi tari, ya ajiye makulli kan tebur kamar mantawa ya yi, ya ce zai je duba wani abu.

Roƙona biyu. Ka bari Dogo ya canja lambar sirrin. Na biyu, na gaya wa Kawu cewa yanzu kwamfutar tana ɗaukar hoton duk wanda ya taɓa ta, ta tura maka. Tun ranar daga bakin ƙofa yake sallama, kuma sai ya gyara hula. In ya tambaye ka, ka ce hoton ya yi kyau.

Inna da Goggo suna gaishe ka, Auta ta ce a shafa mata kan yara. Ka gaida Anti, ka ce mata gishirin da ta samu a gwangwanin sukari har yanzu ana bincike.

Ƙaninka mai riƙe da makulli,
Sarkin Tsokana