Bindigar da Ban Iya Ɗanawa Ba

Arkansas,
Asabar, 14 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayata Opal,

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Wendell da yara da jikoki. Yaya ƙafar tasa bayan aikin da aka yi masa? Allah ya ba shi sauƙi mai ɗorewa, ke kuma ya ƙara miki haƙurin jinyar mutumin da bai iya zama wuri ɗaya ba. Na san sanyin Alaska ya fara shigo muku, Ubangiji ya tsare ku da shi. Mu nan jiki lafiya, sai dai yatsuna da suke ƙara sanƙarewa kowace safiya. 'Yata Rhonda tana nan ƙalau, ƙaramar 'yarta ta fara tafiya, ba abin da ya tsira a ɗakina. Kuɓewa ta yi min yawa bana har na rasa wanda zan ba. Ranar Lahadi na je na share kabarin Mama da na Baba da na maigidana Clovis, na ajiye furanni da sunanki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da nake kiran ki a waya kowace Laraba. Dalilin yana ƙasa, kada ki tsallaka ki duba, na san halinki. Ki nemi kujera ki zauna. Maganar ƙaninmu Delbert ce da matarsa Twila, kuma ba mai daɗi ba ce.

Kin tuna na gaya miki an fasa min rumfar kayan aiki da rana tsaka ina wurin aiki. Tun lokacin hankalina bai kwanta ba, ga ni ni kaɗai a ƙarshen hanya, doguwar bindigar Clovis kuma ta fi ƙarfin kafaɗata. Sai na yanke shawarar sayen ƙarama. Ban gaya wa kowa ba, na tafi shagon Tsoho Hobart, wanda Baba yake sayen harsashi a wurinsa tun muna yara. Yana nan da tsarinsa na da. Ya jera min guda shida a kan tebur, ya ce in rufe ido in riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya, wai ido maƙaryaci ne a wurin sayen bindiga, hannu ne yake faɗin gaskiya. Ta huɗu na ɗauka na ji ta zauna min kamar mariƙin tsohuwar butar shayin Mama. 'Yar libarba ce mai harsashi biyar, ba kyau, ba ƙyalli, amma yatsana ya kai kunamar ba wahala. Hobart ya ce in je in kwana da maganar, zai ajiye min ita, ba ya sayar wa mutum bindiga ranar da ya fara ganin ta.

Kuskurena shi ne na buɗe baki ranar Alhamis. Kin san mu shida ne muke haɗuwa a shagon gyaran gashin Twila, a sha shayi mai ƙanƙara a yi gulma, daga nan masu bindiga su wuce filin koyon harbi, ni in koma gida. Da na faɗi abin da na zaɓa, Bernice, matar mai gidan man nan, ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Wai wannan ai bindigar kakanni ce, in ɓarawo ya gan ta zai tambaye ni ko gado na ci. Wata ta ce harsashi biyar, in na harba na kuskure sai in roƙi ɓarawon ya jira ni in sake zubawa. Wata ta ce ko Hobart ya haɗa min da sandar dogarawa. Na yi dariya tare da su, amma kunya ta rufe ni, ni mai shekara hamsin da takwas. Twila ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dafa kafaɗata ta ce su bar mata Yayarta, ba laifina ba ne, Hobart ne yake neman wanda zai juye wa tsohon kaya. Ta ce ranar Asabar za su raka ni babban shago a birni in ga abin da matan zamani suke riƙewa. Na ji daɗi a raina, na ce ga wadda ta tsaya min.

Muka tafi mu huɗu a motar Bernice. Muna shiga Twila ta wuce kai tsaye wurin wata baƙa mai nauyi, mai cin harsashi goma sha bakwai, ko waige ba ta yi wa sauran ba. A lokacin ban lura da hakan ba, yanzu kuwa kullum sai na gani a idona. Irin wadda sai an ja samanta baya da ƙarfi kafin ta ɗanu ce. Na ja, ta ƙi. Na sake ja har yatsuna suka yi tsami. Twila ta karɓa ta ɗana ta kamar wasa, ta ce sabuwa ce shi ya sa, in an yi harbi ɗari za ta yi laushi. Bernice ta ce kada in ba su kunya a gaban mutanen birni, ni da nake juya motar ɗaukar 'yan makaranta mai kujera sittin shekara ashirin da biyu, wai 'yar bindiga ce za ta gagare ni. Na ce zan so in kwana da maganar. Suka yi min caa, wai man da aka ƙona zuwa nan fa, wai kullum ni sai na yi shawara da matashin kai. Opal, hannuna yana gaya min a'a, bakina ya ce to.

Aka ba ni takardar gwamnati da ake cikawa. Akwai tambayar da ke cewa ko ni ce ainihin mai saye, ba wani nake saya wa ba, kuma ƙarya a wurin laifi ne na zuwa gidan yari. Na sa alamar e, na sa hannu, zuciyata ɗaya. A hanyar dawowa Twila ta ce tunda jikokina suna yawo ko'ina a gidana kuma ba ni da akwatin ƙarfe, bari ta ajiye min a nata na shago har in sayi nawa, kowace Alhamis ta fito min da ita mu je fili. Na ce a shago dai, don na san tun shari'arsa ta shekara goma sha ɗaya da suka wuce doka ta hana Delbert ko taɓa bindiga. Ta ce haba Yaya, ita ce za ta kai wa Delbert wuta gida? Alhamis ta farko ta manta mabuɗi. Ta biyu an yi ruwa. Ta uku wai kanta ke ciwo. Ni kuma, gaskiya, sai na ji sauƙi, don tsoron bindigar nake yi.

Ranar Talatar makon jiya na dawo daga kai yara makaranta da safe, na tarar da jami'ai biyu a ƙofar gidana. Ashe Delbert ya yi faɗa da wani mutum a wurin sayar da katako, a kan wurin ajiye mota, ya zaro bindiga ya nuna masa. Allah ya tsare bai harba ba. Da aka kama shi sai ya ce ba tasa ba ce, ta yayarsa ce, ta manta da ita a motarsa. Lambar jikinta kuwa sunana ta nuna. Suka ce in biyo su ofis. Babban cikinsu mutum ne mai ladabi, Madam kaza Madam kaza. Ya cire harsashin, ya ajiye ta a gabana, ya ce in nuna masa yadda nake ɗana bindigata. Na ja da hannu biyu, na matse ta da gwiwa, na ja har hawaye suka zubo min. Ya jira ni har na gaji. Sannan ya ce, a hankali, macen da ba ta iya ɗana bindiga ba, wa ta saya wa ita? Ban taɓa jin ƙasƙanci irin na ranar ba. Washegari makaranta ta dakatar da ni daga tuƙi har sai an gama bincike. Shekara ashirin da biyu ban taɓa ko karce jikin motar ba.

A ranar Talatar, da na fito daga ofis ɗin, shagon Hobart na nufa, ban san dalili ba, ina jin wurin da na yi abin hankali na ƙarshe nake nema. Da na ba shi labari ya cire tabarau. Sannan ya ce tun kafin zuwana na farko Delbert ya shigo sau biyu yana zagaya irin wannan baƙar, yana tambayar nawa take ci, har ya ce a ba shi ya riƙe, shi kuma ya kore shi. Ya ce da a shagonsa Twila ta nuna min ita, da ya gane nan take, da bai sayar ba. Kin ji dalilin man da aka ƙona zuwa birni.

Da yammacin ranar sai ga Twila da kwanon wake da burodin masara, kamar gidan makoki ta zo. Ban ce ta zauna ba, ta zauna. Ta fara kuka, wai Delbert ya daɗe yana damun ta, abokansa na farauta kowa da tasa, suna ce masa ɗan rakiya, wai namiji a garin nan ba bindiga kamar an tuɓe shi ne. Wai in ita ta saya nan da nan za a gane, don ana sa ido a gidansu. Na ce shi ne sai ni? Ta ɗago ta dube ni, ido a bushe yanzu, ta ce to Yaya Nadine, ke wa zai zarga? Gwauruwa, direbar yara, mai waƙa a coci. Wai abin da suke roƙo kaɗan ne, in ce na hau motarsa zuwa kasuwa na manta ta a ƙarƙashin kujera, shi ke nan, ni faɗa kawai za a yi min, shi kuwa in ban faɗa ba shekaru zai yi. Daga nan sai ta jawo Mama. Wai in tuna abin da Mama ta ce ranar da za ta rasu.

Na tuna, ba sai an tuna min ba. Ni da ke muke riƙe da hannunta da ta ce kada mu saki Delbert. Ban sake shi ba. Ni na riƙa tuƙin awa uku kowane wata ina kai masa ziyara lokacin yana tsare. A ɗakin Clovis ya zauna wata bakwai da ya fito. Twila kuwa ni na ɗinka mata rigar aure. Ba bindigar ce take ci min rai ba, ba ma aikin ba. Abin da yake hana ni cin abinci shi ne sun zauna su biyu sun duba duk dangi, suka ga ni ce mai suna mai tsabta kuma mai saurin cewa to, suka ce ga wadda za mu yi amfani da ita. Hannun da ta dafa min kafaɗa ranar da ake min dariya, lissafi take yi da shi. Ban sani ba ko Bernice da sauran sun san shirin. Ranar Lahadi dai a bakin coci na ji Bernice tana ce wa matar fasto ita tun farko ta yi mamakin me Nadine za ta yi da irin wannan ƙatuwar bindiga.

Ni ma ba na wanke kaina. Na rantse a takarda cewa ni ce mai saye, kuma kuɗina ne, sunana ne, amma zaɓin ba nawa ba ne, na kuma sani tun a gaban teburin. Lauyan da Rhonda ta samo min ya ce in na faɗi gaskiya daga farko har ƙarshe, Hobart kuma ya ba da shaida, akwai kyakkyawan zaton zan fita in koma motata. In na ce mantawa na yi, alhali sun ga ko ɗana ta ban iya ba, to na haɗa kaina da su. Ya kuma gaya min, bai ɓoye ba, cewa gaskiyar tawa za ta mayar da Delbert gidan yari, wataƙila ta ja Twila ma.

Jibi Litinin da ƙarfe tara zan je in ba da bayani. Gaskiya zan faɗa, duka, har da shayin da ya sarƙe Bernice.

Ga dalilin takardar. Na tambaya a gidan waya, sun ce sai ta yi kwana biyar ko shida kafin ta iso ku. Da waya na kira ki, na san abin da za ki ce. Za ki yi kuka, ki ce ɗan'uwanmu ne, ki ce Mama, ki ce Nadine ki yi haƙuri wannan karon kawai. Ba don mugunta ba, don kina ƙaunarsa, ni ma ina ƙaunarsa. Kuma na san kaina, Yaya. In kika ce in bari, zan ce to. Shi ya sa ban kira ki ranar Laraba ba, shi ya sa kuma ba zan ɗauki wayarki ba sai bayan Litinin. Kafin ki kai wannan layin na riga na faɗa. In za ki yi fushi da ni ki yi, zan jure, amma wannan karon na rufe ido na ɗauka da hannuna.

Ki gaida min Yaya Wendell, ki ce ya bi maganar likita. Ki gaida Lacey da mijinta, da Boyd, da 'yan biyu, ki sumbace min su. Rhonda tana gaishe ki, Tsoho Hobart ma ya tambaye ki, wai har yanzu yana tuna ranar da kika harbe masa tulun ruwa. Ki sa ni a addu'a, ki sa Delbert ma, don ni na gwada na kasa tukuna. Kwanon waken Twila yana nan a bakin ƙofa inda ta ajiye shi, ban ɗauka ba.

Ni ce ƙanwarki, yau da kullum,
Nadine