Ɗakin Baya na Gidan Baba Maikano

Dogon Dutsi, Litinin 12 ga Mayu 2025, ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Ina zaune cikin aji bayan yara sun tashi, don ban so in rubuta wannan a gida.

Zuwa ga Yaya Zalihatu, a Agadas.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane ga yayarsa, da fatan kuna lafiya ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara wa Umma lafiya da nisan kwana. Ni ma lafiyata lau, aikin koyarwa yana tafiya, sai zafin bazara. Na zaɓi takarda ta hannun direba don na san Umma tana sauraron duk saƙon murya da ya shigo wayarki. Don Allah ki karanta ke kaɗai.

Kin san gidan da na kama haya a gindin dutse lokacin da aka turo ni sarbis sibik, wato bautar ƙasa. Ɗaki biyu ne, da wani ƙarami a baya. Mai gidan, Baba Maikano, tsoho ne mutumin Matankari. Ranar da ya ba ni mabuɗi, rana tsaka, ya tsayar da ni a bakin ɗakin bayan ya ce in faɗi sunana da na mahaifiyata da ƙarfi. Na zaci kunnensa ne ya yi nauyi, sai na ɗaga murya na ce Nafi'u ɗan Sahura. Ba kowa a ɗakin, sai wata 'yar tukunya a kusurwa. Ya ce kada in taɓa kulle ƙofar, na ce to.

Da albashi ya yi ta jinkiri, sai Yazid, wani matashi mai sayar da wayoyi a kasuwa, ya nemi in ba shi hayar ɗakin mu raba nauyi. Na je neman izini, Baba Maikano ya ƙi, bai kuma ba da dalili ba. Na nuna masa kwantaragin da muka sa wa hannu, inda aka rubuta gida duka. Muka je gaban mai unguwa. Ya karanta, ya ce takarda tana bayana, amma shi da zai ba ni shawara da na bar ɗakin yadda na same shi. Ban bari ba, Yaya. Yazid ya tare, ya share ɗakin, ya jefa tukunyar bayan katanga yana cewa shirka ce, ya sa kwado a ƙofa.

Zan faɗi abin da na gani da idona kawai. Washegari na dawo daga makaranta rana tsaka na tarar da ƙofar a buɗe, kwadon kuwa yana rataye a kulle. Tabarmar Yazid an naɗe ta da kyau an jingine a waje, takalmansa a jere kusa da ita. Tukunyar tana kusurwarta, ko tsagewa ba ta yi ba. A kan yashin tsakar gida akwai sawu siriri dogo, babu takalmi. Na sa ƙafata a kan ɗaya, na miƙa iya ƙarfina, ban kai na gaba ba. Kullum haka muke tararwa tun daga ranar. Yazid ya ce aikin tsohon ne don ya kore shi, kuma shi ba inda za shi, Allah kaɗai yake tsoro. Na bincika: Baba Maikano yana Matankari wajen zaman makoki duk makon nan.

Jiya na hau kabu-kabu na same shi can. Na ce ya daina hana ni haƙƙina. Sai ya ce: "Ba ni nah hana ba, ɗana. Ni ma haya nika yi." Ya ce filin na doguwa ne, wato aljana, tun kafin kakansa ya gina, ɗakin nan ne sharaɗinta. Duk wanda zai kwana a gidan sai an gabatar mata da shi, abin da ya yi mini ke nan ran farko. Yazid ba ta san shi ba, ba ruwanta da shi. Ni ta sani. In kuma aka hana ta wurinta, takan je neman masauki wurin wadda ta haifi mai laifin.

A kan hanyar dawowa na tuna saƙonki na ranar Juma'a, inda kike dariya kina cewa wata doguwar mata ta yi sallama rana tsaka kina kasuwa, ta roƙi Umma wurin hutawa, kuma tun ranar Umma tana kukan hannunta na hagu ya yi nauyi. Ni mai karatu ne, na san hawan jini yana kawo haka. Ki kai ta wurin likita da zarar takardar nan ta iso, kada ki jira. Ni kuma zan roƙi Yazid ya koma ɗakina, in cire kwadon. Baba Maikano ya ce zai zo Laraba da nono, ya ba doguwar haƙuri.

Ki gaishe mini da maigidanki Malam Rashid, da 'yarki Hannatu, da 'yar auta Bushira. Umma kuwa ki ce mata kawai ina gaishe ta, ina neman addu'arta.

Ƙanenki, Nafi'u.

Ga abin da har yanzu ban sani ba. Ban san ko Yazid zai yarda ya fita ba. Ban san ko wani yana da mabuɗin kwadon ba. Ban san ko matar nan maƙwabciya ce da Umma ba ta gane ba, ko Hannatu ta ga fuskarta. Ban san ko ta ambaci sunan Umma kafin a faɗa mata ba. Na ƙarshe shi nake so ki tambaya a hankali, kamar cikin hira: da ta roƙi wuri, ruwa kawai Umma ta miƙa mata a bakin ƙofa, ko ta ce mata ta shigo?