Kwana Biyar da Baba Ya Huta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a nema. Inna tana nan da ciwon ƙafarta, ni kuwa gajiya ta kai min ko'ina.

Maganar Baba ce. Ka san likita ta ce a yi masa gashi da na'ura sau talatin da biyar saboda ciwon dajin bayan hancinsa, kullum sau ɗaya, kwana biyar a mako. A mako na huɗu kumburin wuyan ya saɓe, amma bakinsa ya yi gyambo, ko ruwa da ƙyar yake wucewa. Sai halinsa na magini ya motsa. Ya ce shekara arba'in yana gini, bai taɓa ɗora sabon layi a kan ɗanyen siminti ba, a bar jiki ya sha iska. Ka san gidanmu, wa ya taɓa ce wa Baba a'a? Da ka bugo waya kai ma ka ce ya huta. Kwana biyar muka zauna, har daɗi na ji, Allah ya yafe min.

Da muka koma, likitar ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta zaunar da ni ta ce an raba gashin kaɗan-kaɗan ne don naman lafiya ya farfaɗo kafin gobe, amma idan aka tsallake kwanaki, abin da ya rage na ciwon shi ke samun sarari ya hayayyafa. Yanzu wasu ranakun sau biyu ake yi masa, awa shida a tsakani, muna zaune a bencin baranda yana kurɓar ruwa da cokali. Ta ce ba za ta iya yi min alkawarin an rufe giɓin ba.

Don Allah idan ka kira shi, kada ka sake ambatar hutu, ko ya yi maka ƙorafi.

Yau da safe ya ce ba zai je ba. Na ɗauko takalmansa na ajiye a gabansa, na ce zai je. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in miƙo masa hularsa. Saura gashi goma sha ɗaya.

Ka gaida min matarka da mai sunan Baba. Inna da Auta suna gaishe ku.

Ƙanwarka.