Tsattsewar shagon Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya raba ku da ciwo. Mu ma nan alhamdu lillahi. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba, kin san shi ne alamar lafiyarta. Gwaggo Rediyo tana nan tana watsa labarai ba hutu. Na san za ki yi mamaki, wai ni da waya ba ta barin hannuna yau ni ce da biro. Wallahi sau nawa ina danna murya zan turo miki, ina fara magana sai kuka ya ƙwace min in goge. Guruf ɗin gida kuwa kin san Gwaggo tana ciki. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ni da makaranta ba mu rabu da daɗi ba.

Kin tuna shagon Baba yadda yake, ko? Fankoki rataye a sama kamar jemagu, wayoyin wuta ta ko'ina, ga tsohon bencin nan a tsakiya da kowa ke buga ƙwauri da shi. To bana wasu tsattsewa biyu suka yi sheƙa a can ƙurya, saman katakon rufi. Yaya, da kin ga shigarsu! Ni da nake mutum sai na karkace nake wucewa, amma su a guje suke shigowa, su tsuke fiffike kamar an rufe almakashi, su kwanta ta gefe su ratsa tsakanin fukafukan fanka biyu, su duƙa ƙarƙashin waya, sai ga su a sheƙa. Ko ƙura ba sa taɓawa. Abin ya dame ni har na ƙarar da datata a kai. Na samu wani bidiyo da aka rage gudunsa, mai bayanin yana cewa wai tsuntsu ya san faɗin fiffikensa, tun daga nesa yake auna ko kafa za ta ɗauke shi, kuma duk juyin da jikinsa zai yi kansa yana tsaye cak don kada gani ya rikice masa. Na kai wa Baba wayar da murnata, sai ya ture ta a hankali ya ce in dai ba shi labari da baki, ya fi daɗi. Ni kuma sakarya na zauna na zuba masa, ban kawo komai a raina ba.

Sai Yaya Injiniya ya tashi da nasa. Kin san shi, tunda ya fara kallon shagunan mutane a waya ya ce namu kamar bola. Ranar da Baba ya tafi gaisuwar rasuwa ya kwana can, ya kawo abokansa suka sauke fankokin nan kaf, suka fitar da benci, tarkacen ya sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Ya kafa kanta sabuwa a gefe, ya sa ƙofar gilashi mai rufe kanta. Tsakani da Allah don ya faranta wa Baba ya yi, kuma shagon ya yi kyau, ni ma har hoto na ɗauka na ɗora. Ashe garin neman gira za mu rasa ido.

Washegari da safe ina shara na ji tas a jikin ƙofa. Ɗaya daga cikin tsattsewar ce, ta taho da abinci a baki ta hanyar da ta saba, gilashi kuwa ba sa ganinsa. Na ɗauke ta da ɗuminta, ta mutu a tafin hannuna. Tun ranar na tokare ƙofar da dutse, na manna mata takardu masu launi kamar yadda na gani ana yi. Ɗayar ita kaɗai take ta jigila yanzu, ga bakunan 'ya'yanta a buɗe a sheƙa suna jiranta. Amma abin da ya tsaya min a rai, in ta shigo sai ta karkace daidai inda babbar fankar nan take a da, ta kauce wa abin da babu shi, sannan ta rikice ta yi ta kewaya ɗakin kafin ta gano sheƙarta.

Yaya, haka na ga Baba ya yi. Da ya dawo ya shigo shagon, ya sunkuyar da kai a inda ba fanka, ya ɗaga ƙafa ya kewaye bencin da ba ya nan, ya tafi kai tsaye ya gwara goshinsa da bakin sabuwar kanta. Jini har kan rigarsa. Ya ce jiri ne na gajiyar mota, kowa ya yarda, ni ce kawai ban yarda ba. Na ajiye waya na fara kallonsa. Na ga da yatsu yake neman sukundireba. Na ga in an kawo gyara sai ya ce wa mai kayan ya karanta masa lambar, wai ya manta tabarau a gida, alhali yana aljihunsa. Da shago ya yi shiru na durƙusa na tambaye shi. Ya ce ganinsa na gefe da gefe ya jima da rufewa, kamar mai leƙe ta cikin bututu yake gani, yanzu kuma tsakiyar ma ta fara hazo. Ya ce da shagon yana yadda yake ba ya buƙatar ido, ƙafarsa ta san ko'ina. Ya hana ni gaya wa Umma saboda hawan jininta, ya hana ni gaya wa Injiniya don kada ya ɗora wa kansa laifi.

Na yi roƙon asibiti har na gaji. Ya ce shi ba mai sa masa wuƙa a ido, kuma ya san abin da za su faɗa, su ce ya bar aiki ya zauna a gida ana miƙo masa. Na karanta a waya wai akwai irin ciwon da in an yi sauri ana tsayar da shi, amma abin da ya tafi ya tafi. Ban san ko shi ne ba, ni ba likita ba. Na ce to bari in mayar da shagon yadda yake, sai na tarar ba wanda ya san inda komai yake sai shi, rabin kayan ma an narkar. Kuma kullum hannunsa yana cikin wayar wuta, Yaya. Duk sanda ya jona fanka zai gwada, sai in matso kusa da shi ina addu'a.

Na san na karya masa alkawari, amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ke ce bai taɓa iya ce wa a'a ba, ke da yake kira uwarsa. Don Allah ki kira shi, ba ta bidiyo ba, don zai yi ta kallon inda ba kya nan ya ji kunya. Ki lallaɓa shi yadda kika iya. In ya gane ni na faɗa, ya yi fushin, zan ɗauka. Jiya da muka rufe shago ya dafa kafaɗata tun daga ƙofa har gida, abin da bai taɓa yi ba. Da telan kusa da mu ya tambaya ko lafiya, sai ya yi dariya ya ce gwiwa ce ta tsufa. Ni ma na taya shi dariyar.

Ki gaida min maigidanki da kyau, ki gaida Mama Ƙarama da Ɗan Lele, ki ce masa ina sane da haƙorin da ya faɗi. Umma tana gaishe ku, Injiniya da Gwaggo ma haka, duk da ba su san na rubuto ba. Ki sa mu a addu'a. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Auta