Wuƙar Ta Ƙi Ni

Daren Laraba, watan Safar. Ƙofar Rini.

Na kasa cin tuwo. Matata Hauwa ta tambaye ni mi ya same ni, na ce ciwon ciki.

Bayan la'asar Sarkin Tauri ya tara mu bayan ganuwa, inda mukan koyi harbi a ɓoye. Ya ce Nasara sun tone bindigogin da munka binne, ke nan akwai mai kai musu magana cikinmu. "Maganin ƙarfe ba ya tsare maci amana," in ji shi. "Kowa ya miƙo hannu."

Ni na kai maganar ga tafintan Bature. Kafin wuƙa ta iso gare ni har na yi kalmar shahada. Sarkin Tauri ya goga ta a hannuna, ya sake gogawa, ko ƙwarzane babu. Ko fatata ta majemi ce ta yi kauri, ko wuƙar ce ta dakushe, Allah masani.

Sai anka zo kan Bawa. Bawa da ya kawo ni cikinsu, ya rantse musu ni ɗan halak ne. Fatar tsoho, taɓawa guda jini ya tsarto. Sunka hau shi da gora. Har ni ma na ɗaga tawa don kada a lura.

Da magariba na kai shi gida bisa jaki. Shina tofar da jini, ya riƙo rigata ya ce, "Ummaru ƙanena, na gode Allah da ka tsira. Da ka ba ni kunya."

Na yi alwalar lisha, amma hannun nan ya ƙi ɗaguwa in yi kabbara.