Motar da Bayanta Ya Ƙi Tashi

Zango, Kwatano
10 ga Maris, 1996

Zuwa ga Yaya Mansir,

Assalamu alaikum. Ina neman gafararka bisa ɗora maka karatun wannan takarda, alhali na san tuƙin tirela bai bar maka lokacin hutu ba. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? A miƙa musu gaisuwata da girmamawa.

Ƙanwarka Karimatou, maiɗakina, tana gaishe ku. Ciwon ƙashin bayan nan bai sake ta ba. Yanzu ba ta iya zama, sai kwanciya, kuma likita ya kira ni gefe ya ce abin da ya rage a hannunsa shi ne maganin rage raɗaɗi. Roƙonta guda ne: a kai ta Kandi ta yi Sallar Layya a ɗakin Inna. Har rago ta sa aka saya mata, fari mai baƙin kunne, tana kiwonsa daga kan gado, autarku Assibi ce ƙafarta da hannunta.

Jirgin ƙasa da bas ba za su yiwu ba. Don haka na ɗauko wata tsohuwar mota daga cikin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa, inda nake aikin takardun fito. Irin mai ɗaki ce a ciki, da gado da wurin wanke hannu. Na zaɓe ta ne saboda bayanta ba a kan sifirin na ƙarfe yake ba, a kan jakunkunan roba biyu yake, waɗanda kwamfireso ke cika wa iska, yadda maras lafiya ba zai ji ramin hanya ba.

Ga damuwata. Ɗan littafin da na samu a aljihun motar ya ce daga ƙasa zuwa bamban baya santimita arba'in da biyu ne. Da safe idan na tayar da ita, takan ɗaga ta tsaya a talatin. Da yamma idan na dawo daga ofis, sai in tarar ta durƙusa kamar raƙumi. Na shafa ruwan sabulu a kan kowace tiyo, kamar yadda littafin ya zana, ban ga kumfa ko ɗaya ba.

Na hana kowa kusantar motar, babba da yaro. Assibi kaɗai ke share kewayenta kafin in dawo, Allah ya yi mata albarka.

Kai ka san iska a mota fiye da ni. Ka rubuto mini abin da kake zato.

Naka mai girmama ka,
Abdulƙahar

Zango, Kwatano
4 ga Afrilu, 1996

Yaya Mansir,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku da ta Inna, amsarka ta iso ta hannun direban da ka aiko. Na gode da shawararka, kuma na bi ta: na sa an sauya jakar hagu a wani gareji a unguwar Agla. Sai da na jira hayaniyar zaɓe ta lafa kafin makanikin ya dawo bakin aiki, domin ya bi ayarin kamfe. Bayan motar yana nan yadda yake. Makanikin ya ce in bari ya cire jakunkunan ya walda ƙarfe a madadinsu, ta tsaya ƙyam. Na ƙi. Idan ta tsaya a kan ƙarfe, to bayan Karimatou ne zai zama sifirin.

Ka ce in taho haka nan a hankali. Ita ma abin da take faɗa ke nan. Ta sa mini suna Malam Santimita, ta ce da tef ɗin awo za a tashe ni ranar ƙiyama, tana dariya tana dafe da ƙugu. Saboda ku biyu kun haɗa baki, na yi gwaji. Ranar Lahadi muka kwantar da ita a ciki, na nufi Fidjrossè don ta ga teku. A kwalbatin bakin layinmu bayan motar ya daki siminti. Ba ta yi ƙara ba. Na duba madubi na ga ta cusa gefen zanenta a baki, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Na juyo gida. Kwana biyu ba ta iya juyawa da kanta ba.

Yaya, wannan kwalbati ɗaya ne. Ka fi ni sanin abin da ke tsakanin Kwatano da Kandi, ga ruwa ya soma sauka. Ta riƙe hannuna ta ce ciwo nata ne, ita ta san abin da za ta iya ɗauka. Na roƙe ta ta ƙara mini mako guda. Na yi odar bawul ɗin da ke daidaita tsayi daga Legas, domin shi kaɗai ya rage cikin abin da nake zargi. Sai ta juya ta tambayi Assibi ko rago ya sha ruwa.

Ku taya mu da addu'a.

Naka,
Abdulƙahar

Zango, Kwatano
22 ga Afrilu, 1996

Yaya Mansir,

Assalamu alaikum. Ina sake yi maka ta'aziyya, da Inna, da dukan gida. Allah ya jiƙan Karimatou, ya sa ciwon ya zame mata kaffara. Na san saƙon waya ya same ka a hanyar Yamai, ba ka samu jana'iza ba. An yi mata sutura yadda ya kamata, mutanen Zango sun cika layi har bakin titi. Ka gafarce ni da zan ƙara maka nauyi a kan wanda kake ɗauke da shi, amma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Tun da na sayi motar nan ban taɓa wuni a gida ranar aiki ba, sai da zaman makoki ya zaunar da ni. Bayan azahar, ina kan tabarma a ƙofar gida, baƙi sun ragu, sai Assibi ta fito da rago. Idonta a kumbure yake, ba ta ma lura da ni ba. Ta sunkuya a bayan tayar baya, ta zura igiya ta ɗaure a wani siririn ƙarfe, kamar mai yin abin da ta saba. Ragon ya ja igiya zai kai ga dusa. Sai na ji motar ta yi tsaki mai tsawo, na ga bayanta yana sauka a hankali har ya durƙusa.

Wannan ƙarfen shi ne sandar da ke gaya wa bawul tsayin mota. Idan aka ja shi, bawul yakan ɗauka mota ta yi sama da yawa, sai ya saki iska. Jan yau da gobe ya lanƙwasa shi, shi ya sa ko da safe ba ta kai awo. Na sha kallon sandar nan ina kwance a ƙarƙashin mota. A zanen littafin tana da ɗan karkata, na ɗauka haka aka ƙera ta.

Na tambayi Assibi a hankali, ban nuna mata komai ba. Ta ce Yaya Karimatou ce ta ce zafin ranar tsakar gida yana dafa mata rago, a riƙa kai shi inuwar mota, a mayar da shi kafin la'asar, a share wurin sarai don kada Malam Santimita ya gani ransa ya ɓaci. Ta ce tsakin nan kullum tana jin sa, ta ɗauka numfashin mota ne. Ta roƙe ni gafara a kan karya dokata. Na ce ba komai.

Da ta shiga ciki na miƙar da sandar da filaya, ban ko yi gumi ba. Na tayar da mota. Arba'in da biyu, hagu da dama. Ta kwana ta wuni a haka. Na haye kwalbatin nan ban ji komai ba, na duba madubi, gadon yana shimfiɗe da zanen da ta zaɓa don tafiya. Bawul ɗin Legas ya iso jiya, yana cikin kwalinsa.

Sallah ta matso. Ina roƙon amsarka a rubuce, ta hannun direban nan, a kan abubuwa uku:

1. Ka yarda maganar sandar nan ta tsaya tsakanina da kai. Assibi umarnin yayarta ta bi, ba na so ta ɗauki wannan a ranta har tsufanta.

2. Ka nemi izinin Inna ko za su iya ganina na sauka a ƙofar gida da motar nan babu 'yarsu a ciki. Idan zai yi musu nauyi, sai in bar ta a tasha in ƙaraso da ƙafa.

3. Ragon. Ban iya kallonsa ba, kuma ban iya barinsa da yunwa ba. Na Inna ne, haka mai shi ta ce. Ka gaya mini ko in kawo shi. Akwai wuri a bayan mota, kuma yanzu ba zai ji ramin hanya ba.

Naka cikin jiran amsa,
Abdulƙahar