Kabarin da Baba Ya Aro

Sokcho, 1999

Ƙanena Yun-tak,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Baba lau yake, sai ciwon gwiwa da taurin kai.

Littafin tarihin rayuwarsa da za mu raba wa baƙi ranar cikarsa saba'in ya kusa ƙarewa. Yana faɗa, ina rubutawa. Jiya ya kawo wani babi, ya ce sai ka ji kafin a kai maɗaba'a. Nemi wuri ka zauna.

Kabarin kan tudu da kake yanke wa ciyawa kafin bikin girbi ba na kakanmu ba ne. Kakanmu a Arewa, hayin iyaka, aka baro shi lokacin yaƙin da ya raba ƙasar nan biyu. Da Baba ya nemi auren Inna, danginta suka ce ba sa ba da 'ya ga wanda ba shi da kabarin da zai durƙusa wa. Shi ne ya hau tudu, ya sami wani da ciyawa ta binne, ba ko dutsen suna, ya share shi, ya ce na ubansa ne, wai a hanya ya rasu.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Ok-bun

Daegu

Yaya Ok-bun,

Ina gaishe ki. Ke kaɗai.

Raina ya ɓaci matuƙa. Tun ina ɗan makaranta nake hawan tudun nan da lauje. Rina sun kumbura wa ɗana ido a can. Na durƙusa, na zuba giyar shinkafa, ina cewa, "Kaka, jikanka ya sami aiki." Ashe da baƙo nake hira! Har surukina na kai can da sandarsa, ya kai goshi ƙasa.

Kuma wannan shi ne mutumin da ya zane ni don na ce kyanwa ce ta fasa tulun miya. Don Allah ki cire babin. Surukaina za su karanta, ina zan sa fuskata? Bana kuwa ba ni ba lauje.

Ƙanenki, Yun-tak

Sokcho

Yun-tak,

Gaisuwa, tunda ta zama dole.

Kai kaɗai aka yi wa? Wa ke tsayuwa gaban kasko tana soya wainar da kuke ɗauka can? Ko zuba giyar ba a taɓa bari na yi ba, wai aikin ɗa namiji ne. Ni ma na ji haushi, sai dai ba ni da lokacin kumbura.

Na gaya masa saƙonka. Ya ce, "In za a cire, a ƙone littafin gaba ɗaya. Na yi ƙarya don in sami iyali, ba zan ƙara wata don in burge su ba." Na ce to ai sai a bar kabarin. Ya harare ni, ya ce, "Ke, mutumin nan yana da wasu ne bayan mu?"

Maɗaba'a na jiran amsarka. Shi kuma tun safe yake wasa lauje, da gwiwar nan tasa. Na gaji da ku, ku biyun.

Ok-bun

Daegu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri, na zo Sokcho, na ajiye Baba a ƙofar gida na juya kina kasuwa.

A tsakiyar tudun na same shi zaune, ya kasa gaba, ya kasa baya. Na karɓi laujen, na hau na yanke, na goyo shi muka sauko. Bai fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba.

Muna saukowa ya ce mini a kunne, "In na mutu ka sa ni kusa da mutumin nan. Yaranka su sami kabari na gaskiya ko guda ɗaya."

Har yanzu ina fushi. Ki kai musu babin yadda ya faɗa.

Ki gaida Baba.
Yun-tak